Timoti da Asalin Taragon Herwagana

Duk wanda ya zauna a Herwagana a shekarun da kuɗin man fetur ya fara sa malaman makaranta sayen babur, ya san Tarago. Ba sai an ce wane tarago ba, shi kaɗai ne a unguwar. Wani ƙaton baƙin akwatin ƙarfe ne mai ƙafafu, irin wanda ake ɗaura wa kan jirgin ƙasa a baya zamanin da jirgi ke cin kwal yana shan ruwa: samansa wurin zuba kwal, cikinsa tankin ruwa. Da jiragen dizal suka zo aka yi gwanjon tsofaffin ƙarafa, wani ɗan kwangila ya saye shi, ya sa katafila ta jawo shi har bayan cocin unguwa, ya ɗora shi a kan guntun layin dogo, ya ɗaure masa birki, yana tara ruwan gini a ciki. Da ya yi arziki ya sayi tanka ya manta da shi, unguwa ta gaje shi. Aka sa masa famfo da kwaɗo, kowace Kirsimeti matasan coci su shafe shi da baƙin fenti. Wanda ya taɓa yin bazara a Gombe ba sai na gaya masa darajar abin da ke riƙe ruwa ba.

Gidan da ke kallon Tarago na Timoti ne, wanda ake kira Direba. Timoti ya yi aikin reluwe, wannan gaskiya ne, ba zan ci haƙƙinsa ba. Aikinsa tsaron mararrabar da titin mota ya ratsa layin dogo: in jirgi na tafe ya rufe ƙofa ya ɗaga tuta, in ya wuce ya buɗe ya koma inuwa. Amma tun da ya yi ritaya aikin nan yake ta samun ƙarin girma a bakinsa. Da farko mai zuba kwal ne. Can ya zama mataimakin direba. Kafin a ankara shi ne ya shigo da jirgin farko garin Gombe, mutane na gudu suna faɗawa gonaki, kuma wannan Taragon ne ya goyo masa ruwa da kwal tun daga Kafancan. Ba wanda ya taɓa ƙaryata shi da gaske. Labarin na da daɗi, kuma kyauta ne.

To, a bazarar da nake ba ku labari aka sa ranar auren 'yarsa Juliana, ita kaɗai ke gare shi. A Herwagana kuwa, in biki ya faɗo da bazara, gudummawar farko ba atamfa ba ce, ruwa ne. Kowace mace, ta coci da ta masallaci, za ta riƙa sauka rijiyoyin kwari da sassafe, ta ɗauko bokitin gidanta, ta koma ta ɗauko na amarya ta hau tsani ta juye a Tarago. Haka aka yi ta yi har ya kusa tumbatsa. Edna matar Timoti ta kulle famfo, ta ɗaura makulli a haɓar zaninta.

Ranar Juma'a da safe, ana gobe ɗaurin aure, Edna ta shirya za su tafi kasuwa da matan zumuntar coci. Ta tarar da mijinta a tsakar gida ya lanƙwasa hannu, ya rataya tsintsiya a ciki, yana takawa ɗaiɗai yana gyaɗa wa kaji kai. Tun da aka sa rana yake wannan atisaye. Ba abin da Timoti ke so a duniya kamar ya riƙe hannun Juliana ya shiga da ita coci, a tambayi wa ya ba da yarinyar nan, ya ce shi ne, kowa na kallo.

Edna ta ce, “Baban Juliana, ajiye amaryar taka ka saurare ni. Na san ka, hannunka ba ya zama wuri ɗaya. Ruwan nan wuyan mata ne ya ɗauko shi. In ɗigo ya fita daga Taragon nan ta dalilinka, Allah ya sani, ba kai za ka shiga da yarinyar nan coci ba. Ƙanenka Matiyu zai yi.”

“Haba Maman Juliana. Ni da Tarago kuma? Ni na san shi tun yana saurayi.”

“Shi ya sa na faɗa maka,” ta ce, ta fita.

Da ya tsaya a tsintsiyarsa da babu labari. Amma sai ya fito ƙofar gida, inda Jalo tela ke taka keken ɗinkinsa a ƙarƙashin darbejiya. Jalo maƙwabcinsa ne na shekaru, kuma in bai tsokani Timoti ba abinci ba ya yi masa daɗi.

Timoti ya zauna ya shiga gaya masa jawabin da zai yi gobe wurin cin abinci. Baban ango babban ma'aikaci ne da ke zaune a GRA, dole dangin ango su san gidan da suka nemi aure ba ƙaramin gida ba ne. Zai nuna musu Tarago, ya ba su tarihin jirgin farko.

Jalo bai ɗaga kai ba ya ce, “Direba, mutumin ofis ne fa. In ya tambaye ka lambarsa?”

“Lambar me?”

“Ta Taragon mana. Da garin da aka ƙera shi. Kun binciki asalin ango, su ma sun binciki naku, saura Tarago. Ni dai abin da na ji, tukunyar dafa kwalta ce ta masu gyaran titi, aka sa mata ƙafa.”

Timoti ya miƙe tsaye har hularsa ta goce. “Tukunyar kwalta? Jalo, kai da ba ka taɓa tuƙa komai ba sai keken da ba ya zuwa ko'ina? Yau ɗin nan, kafin rana ta raba, zan fito maka da sunansa da na ubansa da garinsu.”

“Edna fa?”

“Ta ce kada in taɓa ruwa. Ni fenti zan taɓa.”

Ya ɗauko wuƙar fiɗa ta Edna da guntun samfefa, ya shiga kankarar gefen Tarago. Fentin Kirsimeti da Kirsimeti ya yi ta ɓantarowa kamar ƙanzo. Masu wucewa suka fara tsayawa. Can sai ga lamba rawaya ta bayyana, ɗari uku da sha takwas.

Timoti ya dafe ƙirji. “Ga ta nan. Jirgina ke nan. Ko daga barci aka tashe ni ita zan faɗa.”

Jalo ya matso da almakashi a hannu, ya kanne ido. “To wannan jelar da ke leƙowa ta ƙarƙashin takwas ɗin fa?”

Timoti ya ƙara kankara. Ɗari uku da sha takwas ta tafi, saba'in da huɗu ta fito.

“Yawwa, wannan ce ta ainihi,” ya ce ba tare da ya ƙifta ido ba. “Waccan ta ɓad da kama ce, lokacin yaƙi aka sa mana ita.”

“Ka ce ko daga barci aka tashe ka.”

“Ya danganta da irin barcin.”

Ya ƙara kankara don ya gyara bakwai ɗin, sai ga wata lambar a ƙasa, ɗari biyar da shida. Abin da Timoti bai sani ba, mutanen reluwe ba sa barin tarago da kan jirgi ɗaya har abada. In kai ya shiga gyara sai a kwance taragonsa a ɗaura wa wani, a shafe lamba a rubuta sabuwa. Duk wanda ya taɓa leƙa rumfar gyaran jiragen ya san haka, amma Timoti bai taɓa wuce mararrabarsa ba.

Jalo ya ce, “Uba uku ke nan, Direba. In ango ne da tuni an mayar masa da kayansa.”

Timoti ya fusata, ya danna wuƙa da ƙarfi don ya kai ga uba na ƙarshe. Ashe a wurin nan tsatsa ta gama cinye ƙarfe tuntuni, fentin matasan coci ne kawai ke riƙe da ruwan unguwa. Wani siririn ruwa kamar tsinke ya tsarto ya same shi a ido. Ya danne da yatsa. Wani ya ɓullo a gefe, ya danne da ɗaya hannun. Na uku ya fito ta ƙasa. Yana cikin neman yatsan da zai ba shi sai ga Asta matar Jalo ta ɓullo da bokitinta na ƙarshe a ka. Timoti ya juya wuf ya manna bayansa a jikin Tarago, ya harɗe hannu yana kallon sama.

“Sannu da hutawa, Baban amarya.”

“Yawwa Asta, sannu da ƙoƙari.”

Ta dube shi. “Rigarka ta jiƙe.”

“Zufa ce. Bazarar bana ba dama.”

Asta ta kalli ƙafafunsa, inda kaji suka taru suna tsoma baki suna ɗaga kai. “Ikon Allah. Zufar da kaji ke sha.” Ta hau tsani ta juye bokitinta, ta sauko ta ja gefe ta zauna. Ta ce yau ba ta ga abin da zai mayar da ita gida ba.

Da sabulun salo da tsumman Jalo aka toshe ɓulolin. Mai hankali da ya tsaya nan. Timoti kuwa ya dubi jama'ar da ta taru, ya ga idanu sun yi yawa a kansa, ya ce lambar fenti aikin yara ce, ƙwararru da kunne suke gane ƙarfe. Ya sa aka miƙo masa guduma.

“Ƙarfen Ingila in ka buga sai ya amsa da ladabi. Na Jamus gurnani yake. Ku yi shiru.”

Ya ɗirka wa Tarago guduma. Aka ji wani dum, sannan aka ji abu yana zubowa a ciki, shaa. Tsatsar shekaru ce ta saki. Sabulun salo ya yi tsalle ya fita, ruwan da ya biyo baya ja ne kamar zoɓo.

Jalo ya ce, “Wannan wace ƙasa ce, Direba? Na ga ka yanke masa jijiya.”

Yana durƙushe yana mayar da sabulu idonsa ya faɗa kan wani abu can ƙasa kusa da famfo: wani faifan ƙarfe zagayayye, an kafe shi da ƙusoshi, fenti ya rufe shi ruf. Timoti ya miƙe fuskarsa na sheƙi.

“Jama'a, an zo wurin. Wannan shi ne tambarin kamfani. Duk abin da Bature ya ƙera sai ya manna masa irin wannan, da sunan gari da shekara. Rubutun yana ta ciki don kada ɓarayi su karanta.”

Wata maƙwabciya mai suna Saudatu ta buɗe baki za ta yi magana. Ya ɗaga mata hannu ya ce aikin injiniya ba na mata ba ne. Ta ce to, ta rufe bakinta ta gyara zama kusa da Asta.

Ya zura bakin gatari a ƙarƙashin faifan, ya taka ƙota. Faifai ya yi sama, ya faɗo yana wulwulawa a gaban Jalo. Ruwa ya ɓalle daga wurin, kaurinsa ya kai cinyar mutum, ya tunkuɗe Timoti ya zaunar da shi a ƙasa. Jalo ya ɗauki tambarin kamfani ya juya shi. Ga jajayen furanni, ga tsuntsu mai dogon bindi a tsakiya.

Saudatu ta ce, “Abin da zan faɗa ke nan. Farantin auren Maman Juliana ne. Da shi maƙeri ya liƙe ɓular bara waccan.”

Timoti bai tsaya jin tarihi ba. Ya rarrafa ya juya ya toshe ɓular da mazaunansa, ya dafa ƙasa da hannu bibbiyu, ruwa na tsartuwa ta dama da hagu. A haka ya riƙa ba da umarni kamar yana kan kujerar direba: a kawo wannan, a riƙe wancan, kada kowa ya firgita, ya ga abin da ya fi haka a gadar Dindima. Jalo ya ruga gidan Edna ya ɗauko taɓarya, ya naɗe kanta da ragowar yadi, ya ce wa Timoti ya kauce in ya ƙirga. Timoti ya kauce kafin a ƙirga, dukansu biyu suka sha wanka. Da ƙyar aka dandaƙa taɓarya ta shige, ruwa ya koma ɗigo.

Wannan karon Jalo bai yi dariya ba. Ya matse rigarsa ya ce, “Timoti, ya isa. Ruwan bai wuce kamu biyu da ya ragu ba. Mu zuba yashi a kan lakar nan, a mayar da faranti, in jan ya kwanta gobe a tace. Ni na janye maganar kwalta. Tarago ne, na jirgin farko, kai ka tuƙo shi. Je ka canja wando.”

Timoti ya tuna Matiyu. Ya yarda. Har ya juya zai shiga gida, sai ga wata farar mota ta shigo unguwa a hankali, ta tsaya a gangaren Tarago, daidai inda mata suka jera murhu suka tara itacen biki. Baban ango ne da kansa, ya kawo buhunan shinkafa da akwatunan lemo. Mutum ne dogo mai tabarau da sanyin magana. Aka sauke kaya, aka gaisa. Ya dubi surukinsa a jiƙe sharkaf, bai ce komai ba, don yana da tarbiyya. Neman abin faɗi ne kawai ya sa ya ɗaga kai ya ce, “Wannan ne taragon da ɗana Alfred ke ba ni labari? A ina aka ƙera shi?”

Jalo ya rufe ido.

Timoti ya ji kansa ya kumbura ya cika hula. Ɗazu da yake kwance cikin laka ya hangi wasu haruffa a jikin ƙafar Tarago, rabinsu a ɓoye bayan ƙarfen birki da ya cije ƙafar.

“Ranka ya daɗe, ka zo a daidai. Sunan garin yana jikin ƙafar can, birki ne ya rufe shi. In ɗan sassauta, ka karanta da idonka.”

Baban ango ya ce, “Kada ka wahalar da kanka.”

“Wahala? Abin da na yi shekaru ina yi da hannu ɗaya, ɗayan riƙe da kofin shayi.”

Jalo ya kama masa riga. “Direba, don girman Allah.”

“Sake ni, Jalo. Kowa da sana'arsa.”

Ya hau tsani ya kama sitiyarin birki, wani ƙarfe zagayayye da ba wanda ya taɓa tun tafiyar ɗan kwangila. Ya ƙi motsi. Ya sa aka miƙo masa kwalbar man gyaɗan Edna ya tuttula masa. Ya cije, ya yi nishi, ya rataya duk tumbinsa a kai. Ƙarfe ya yi ƙara ya juya. Ya ƙara masa, ya ƙara, don jama'a su ga gwaninta.

Guntun layin da Tarago ke kai dama ya ɗan karkata wajen kwari, kamar kowane abu a unguwar. Ruwan da aka yi ta zubarwa tun safe kuma ya jiƙa ƙasar da ke ƙarƙashin katakon layin ta gaba, ta yi laushi ta lotsa. Duwatsun da aka tokare ƙafafu da su suka nutse. Tarago ya yi wani dogon nishi irin na tsohon da zai tashi daga tabarma, ya motsa.

Da farko Timoti ya ɗauka cocin ne ke tafiya. Da ya ga darbejiya ma ta bi bayan coci sai ya gane. Ya kama sitiyari ya murɗa da sauri, ta ɓangaren da yake murɗawa tun farko.

“Ku ba da hanya!” Iyakar abin da ya iya faɗa ke nan, kuma a duk rayuwarsa wannan ne karon farko da ya faɗe shi daga saman abin da ke tafiya a kan layin dogo.

Tafiyar ba ta da nisa, layin guntu ne. Ƙafafun gaba suka kai ƙarshe suka faɗa laka, Tarago ya durƙusa. Taɓarya ta fita kamar an harba ta, ta tsallake kan baban ango ta sauka a kwanon rufin Saudatu. Ɗinkin gaba ya yage daga sama har ƙasa. Ruwan da matan Herwagana suka yi makonni suna ɗauka a wuya ya fito gaba ɗaya, ja wur. Ya share murhu, ya kwashe itace, ya bi ta kan buhunan shinkafa, ya shiga mota ta ƙofar da aka bari a buɗe ya fita ta ɗayar. Baban ango ya tsaya riƙe da tabarau, ruwa har gwiwa, yana kallon takalminsa ɗaya ya nufi kwari tare da akwatin lemo.

Daidai nan matan zumunta suka shawo kwana da kayan miya a ka, Edna a gaba, Juliana a bayanta da sabon kitso. Waƙar da suke yi ta mutu a bakinsu. Edna ta sauke kwandonta a hankali. Ta dubi laka, ta dubi farantin aurenta a hannun Jalo, ta ɗaga kai ta dubi mijinta da ke rungume da sitiyari, ƙafafunsa na reto.

“An samo asalin?” ta ce.

“Saura kaɗan, Maman Juliana. Yana jikin ƙafar gaba.”

Kowa ya kalli ƙafar gaba. Ta nutse cikin laka har ba a ganin samanta, kuma in ka je yau ma tana nan inda ta nutse.

Edna ta ce, “Asta, aika a kira min Matiyu.”

Aka sauko da Timoti. Ya bi Edna har cikin gida yana bayani: laifin ɗan kwangila ne da bai daidaita layi ba, laifin maƙeri ne, laifin matasan da ke sayen fenti mai araha. Da bayani ya ƙare ya koma roƙo, kuma wannan ba na wasa ba ne. Juliana ta fashe da kuka ta ce, “Mama, ki bar shi. Tun yaushe yake koyon tafiyar nan.”

Edna ta dubi Juliana. Sannan ta nuna gangunan da maƙwabta suka fara mirginowa ƙofar gida. “Ruwan girki mata za su sake ɗaukowa, don ba za mu kunyata yarinya ba. Waɗancan na sha da wanke hannun baƙi ne. In ka cika su da kafaɗarka kafin a kaɗa ƙararrawar coci, ka shiga da ita. In ba ka cika ba, kada ka nemi Matiyu da magana.”

Timoti ya share ido, ya dubi gangunan. “Waɗannan? Kafin shayi ya huce.”

Washegari da sassafe ya ari garwa biyu da sanda wurin wani ɗan ga-ruwa, ya ƙi a nuna masa yadda ake saɓawa, ya ce mai tuƙa jirgi ba ya koyon garwa. Zuwan farko garwar gaba ta rinjayi ta baya, ya iso da laka a goshi da ruwan da bai fi na alwala ba. Na biyu ya koyi daidaitawa amma bai koyi taku ba, rabin ruwan ya ƙare a wandonsa. A rijiya kuma layi ne, kuma matan da ke layin su ne waɗanda ya zubar wa da ruwa jiya. Ba wadda ta zage shi. Sai dai duk wadda ya zo bayanta ta ce, “Direba, a bi layi, jirgi ma layi yake bi,” ta ja guganta a natse. Jalo ya zo zai taya shi a ɓoye, Edna ta leƙo ta taga ta ce kafaɗarsa ta ce, ba ta maƙwabcinsa ba.

Rana ta ɗaga. Timoti ya daina magana, abin da ba a taɓa gani ba a Herwagana. Kafaɗarsa ta saluɓe. Yana hawowa daga kwari da garwa cike, gangar ƙarshe ko rabi ba ta kai ba, sai ya ji ƙararrawa.

Bai nufi gangunan ba. Ya zarce da garwarsa har ƙofar coci, ya tsaya daga waje cikin waɗanda ba su sami wurin zama ba. Daga nan yana hangen komai. Ga Juliana cikin fararen kaya, ta yi kyau. Ga Matiyu a gefenta cikin kwat ɗin da aka ɗinka don tumbin Timoti, yana iyo a ciki, yana sauri kamar an aike shi. Ba haka ake takawa ba, Timoti ya faɗa a ransa, ɗaiɗai ake yi. Juliana ta waiwayo sau ɗaya tana duban ƙofa, amma mutane sun yi yawa.

Wata tsohuwa daga dangin ango, wadda motarsu ta iso daga Kaltungo da safen nan, ta taɓa shi da sandarta.

“Mai ruwa, ɗan zuba min in wanke fuska, hanya ta yi mana ƙura.” Ya karkata garwa ya zuba mata. Ta rage murya ta nuna Matiyu da haɓa. “Wai an ce uban amarya ne ya kifar da tankin unguwa jiya, har ya jiƙa mana mota. Wancan mai kwat ɗin ne?”

Ga hanyar ƙarya a buɗe, kuma Timoti bai taɓa ganin irinta ya ƙi bi ba. Ya buɗe baki. A ciki fasto ya ɗaga murya yana tambayar wa ya ba da wannan yarinya, Matiyu ya amsa can ƙasa-ƙasa.

Timoti ya ce, “A'a, Mama. Wancan ƙanena ne. Ni na kifar da shi. Ni ne ubanta.”

Tsohuwa ta dube shi tun daga lakar goshi har zuwa yagaggen wando, ta dubi amarya, ta sake dubansa. Ta ƙyalƙyale da dariya har ta dafa sanda.

“Kai, mai ruwan nan ka iya ƙarya,” ta ce. “Matsa gefe, ka tare min amarya.”

Timoti ya gyara sandar garwa a kafaɗarsa, ya matsa gefe.